Yatsa Kafin Buta

Shekara talatin da ɗaya na yi a Hukumar Ruwa ta Jos.
Na san kukan bututu idan yana shirin fashewa,
na san watan da Lamingo ke cika har baki,
na san unguwar da za ta kwana da ƙishi
tun kafin yaranta su fito da jarkoki.
Ga ni yau, da furfura da fansho,
tukunya ɗaya ta gagare ni.

Barira ce ta bar mini ita
ranar da ta tafi aikin jinya Gwagwalada.
Ta ce sunanta filodendaron.
Harshena ya yi tuntuɓe sau uku,
na ce to, Baƙuwa zan riƙa ce mata.
Reshe ne Ngo Kachollom ta miƙo ta kan katanga
cikin kwalbar lemo,
ya yi saiwa fara kamar zaren lilo,
ya hau sandar da aka naɗe da igiyar rama,
kowane ganye da siffar zuciya, kansa a ƙasa.

Wai asalinta dajin zafi ne,
inda iska kanta jiƙaƙƙiya ce.
Me ya kawo ki Rikkos, baiwar Allah,
garin da ake shiga bargo a watan Agusta?

Sai na tausaya mata irin tausayin da na iya.
Bayan asuba, buta guda.
Bayan la'asar, buta guda.
In na tashi tsakar dare na ga ɗakin Barira a rufe,
sai in ƙara mata rabin kofi.

Kwana goma sha biyu, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa.
Na biyu ya bi shi.
Tukunyar ta soma warin kwata,
'yan ƙananan ƙudaje suka buɗe kasuwa a bakinta.

Na kira Barira. Kira na huɗu ke nan a ranar.
Ta ɗauka tana haki, ina jin ƙarar gadon marasa lafiya.
Ta ce, Baba, ba ƙishi ke kashe ta ba.
Ka sa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu.
In ka ji sanyi, ajiye butar.
In ka ji bushewa, zuba a hankali
har ya ɗigo ta ƙasa,
ka zubar da na farantin, kada ta kwana a ciki.
Kuma ruwan famfon nan naku ƙanƙara ne,
bar shi ya kwana a ɗaki tukuna.
Ta yi shiru kaɗan.
Ta ce, Baba, ni ma ina lafiya. Da gaske.

Na juye tukunyar a kan tsohuwar jarida.
Saiwoyi baƙaƙe, laɓo-laɓo kamar dafaffiyar taliya,
na datse su da almakashin gemuna.
Na huda gindin da ƙusa,
na cakuɗa sabuwar ƙasa da gawayi da ɓawon itace,
na matsar da ita daga tagar da ke kallon Shere
zuwa inda haske ke shigowa ta labule.

Yanzu da safe yatsa nake fara kaiwa.
Litinin, sanyi.
Laraba, sanyi.
Butar na nan a gefe tana harara ta,
wayar ma haka.
Ban taɓa sanin hannu na yin ƙaiƙayi
don an hana shi bayarwa ba.

Ranar Asabar ƙasar ta sake ni a bushe.
Na zuba, na ji tana sha da ɗan sauti
kamar tsoho da shayi mai zafi.
A can saman sandar, wani abu a naɗe,
siriri, kore shar, bai kai ɗan yatsana ba,
ya fara kwance kansa.

Ina cikin zubar da ruwan faranti
wayar ta yi ƙara a aljihuna.
Ba ni na kira ba.